Ku Tambaya Mu Amsa: ɗigo, layi da rigimar hujja

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru min kusan duk gefe ɗaya suka karkata, wato reshen lissafin nan na giraf, lissafin ɗigo da layi, ina jin don lokacin zaɓen taken bincike ne ga 'yan digiri na biyu da na uku a nan Zariya. Wasu saƙonnin na rage musu tsawo saboda fili, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA, daga wani uba a Tudun Wada: Malam barka da aiki. 'Yata ce ta gama digirin farko a lissafi yanzu ta koma na biyu, na tambaye ta me take bincike sai ta ɗauko takarda ta ɗiɗɗiga min ɗigo ta haɗa su da layuka wai shi ne. Ni ɗan kasuwa ne, lissafin da na sani na kuɗi ne da na awo. Don Allah wannan karatu ne ko wasan yara, kuma ina amfaninsa?

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara girma, ya kuma saka maka da alheri da ka bar ta ta ci gaba. Karatu ne, mai nauyi ma kuwa. Wannan zanen da ta yi maka shi muke kira giraf. Ɗigo yana tsayawa ne a madadin wani abu, layi kuma yana nuna akwai alaƙa tsakanin abu biyu, shikenan. Ɗigon zai iya zama gari layin ya zama titi, zai iya zama mutum layin ya zama sanayya, zai iya zama taransifoma layin ya zama waya. Galibi ba ruwanmu da tsawon layin ko lanƙwasarsa, wa ke haɗe da wa muke kallo.

Abin ya samo asali ne a 1736 daga wani masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, Leonhard Euler. Akwai wani birni Königsberg, yau sunansa Kaliningrad yana cikin Rasha, kogi ya raba shi gida huɗu, da gadoji 7 da suka haɗa yankunan. Mutanen garin suna ta muhawara ko mutum zai iya fita yawo ya hau kowace gada sau ɗaya tak ba tare da ya maimaita ba. Euler ya ce a daina zagaye, a ƙirga gadojin da ke taɓa kowane yanki. Duk yankin da za ka ratsa ka wuce, in ka shigo ta wata gada dole ta wata za ka fita, kenan gadojinsa bibbiyu suke tafiya, sai dai wurin da ka fara da wurin da ka ƙare, su kaɗai ne aka yarda adadin gadojinsu ya zama mara. A birnin nan kuwa yanki ɗaya gada 5 ke taɓa shi, sauran ukun gada 3 kowanne, duka huɗun mara ne, don haka yawon ba zai yiwu ba ko da mutum zai shekara yana gwadawa. Ka lura Alhaji, amsar nan ba ta wannan birni kaɗai ba ce, kowane gari mai gadoji a duniya in ka kawo da wannan ƙirgen za a yanke masa hukunci. Irin wannan amsar 'yarka take koyon nemowa.

Ga wanda za ka gwada da hannunka yau da daddare. Ɗauko taswirar Najeriya, a nan kowace jiha ɗigo ce, iyakar da ke tsakanin jihohi biyu kuma layi, ka duba jihar Gombe. Jihohi 5 ne suka kewaye ta, Borno, Yobe, Bauchi, Taraba da Adamawa, kuma kowace tana da iyaka da ta kusa da ita har zoben ya rufe. Ka ce za ka yi musu fenti yadda jihohi biyu masu iyaka da juna ba za su zo da kala ɗaya ba. Gombe ta ɗauki ja, Borno kore, Yobe shuɗi, Bauchi kore, Taraba shuɗi, toh Adamawa fa? Tana taɓa Gombe, tana taɓa Taraba, tana taɓa Borno, ja da shuɗi da kore duk sun fita daga hannunta, dole a nemo kala ta huɗu. Mu nan Kaduna maƙwabtanmu 8 ne in an haɗa da Abuja amma kala uku sun ishe mu da su gaba ɗaya, saboda takwas cika ne. Tambayar da wani Bature Francis Guthrie ya yi a 1852 ita ce, shin akwai taswirar da za ta buƙaci kala ta biyar? Sai 1976 aka tabbatar babu, shekara 124 kenan ana abu ɗaya.

Amfani kuwa yana nan kusa da kai. Mai tsara jadawalin jarrabawa a jami'a wannan fentin yake yi ko ya sani ko bai sani ba, kowane kwas ɗigo ne, in akwai ɗalibi ko da ɗaya da ya yi rajistar kwas biyu, har da masu kariyoba, sai a ja layi tsakaninsu, kala kuma ita ce lokacin zama. Sai dai shi wannan giraf ɗin ba lallai ya zama shimfiɗaɗɗe irin na taswira ba, wato wanda za a zana a takarda ba layin da ya gitta wani, don haka ba lallai kala huɗu su ishe shi ba, kuma gano mafi ƙarancin kalolin da ake buƙata yana cikin matsalolin da har yau ba a san hanya mai sauri ta warware su ba, akwai ma kyautar dala miliyan 1 da cibiyar Clay ta Amurka ta sa tun 2000 a kan babbar tambayar da ke bayansu. Haka in ka buɗe Google Maps ka ce daga Kwangila zuwa Kofar Doka, hanyar da za ta nuna maka daga lissafin mafi gajartar hanya a kan giraf ta fito, wanda Edsger Dijkstra ɗan ƙasar Holan ya buga tushensa a 1959. Ba zan ce maka tana gamawa aiki na jiranta a ƙofa ba, ka san halin ƙasar, amma wanda ya iya wannan fanni kuma ya haɗa da rubuta manhajar kwamfuta ba ya rasa inda zai sa kansa, ko koyarwa ko harkar sadarwa ko tsara jigilar kaya. Ka ƙarfafa mata gwiwa ta haɗa biyun.

TAMBAYA, daga wani ɗalibin mastas a Samaru: Malam ina aiki ne a kan hasashen nan na sa wa bishiyoyi lamba. Na rubuta furogiram na gwada duk bishiyoyi har masu ɗigo 15, babu wadda ta ƙi. Na kai wa sufabaiza na ya ce wannan ba sakamako ba ne sai na kawo hujja. Ni kuma gani nake kwamfuta ai ba ta ƙarya, kuma ai da kwamfuta aka tabbatar da maganar kala huɗu. Ina kuskurena?

AMSA: Ƙanena malaminka ya faɗa maka gaskiya, ka riƙe shi da kyau. Bari in fara yi wa sauran masu karatu bayanin abin da kake yi don kar mu bar su a baya. Bishiya a wurinmu giraf ce da duk ɗigoginta ke haɗe amma babu zobe a ciki, ba yadda za ka tashi daga ɗigo ka zagayo ka dawo masa ba tare da ka bi ta inda ka fito ba. In bishiya tana da layi 4, ɗigonta 5 ne. Sai a ce ka raba wa ɗigogin lambobi daga 0 zuwa 4, kowanne da tasa, sannan a kan kowane layi ka rubuta bambancin lambobin da ke bakinsa biyu, ana so bambance-bambancen su fito 1, 2, 3, 4 ba maimaici. Misali ɗigo biyar a jere, ka sa musu 0, 4, 1, 3, 2. Tsakanin 0 da 4 huɗu ne, 4 da 1 uku, 1 da 3 biyu, 3 da 2 ɗaya. Ta yi. Hasashen shi ne kowace bishiya a duniya komai girmanta komai rassanta za a iya yi mata haka. Ya taso ne daga wata tambaya ta Gerhard Ringel a 1963 da aikin Alexander Rosa na 1967, kuma har yanzu da nake wannan rubutu ba wanda ya tabbatar ba wanda ya ƙaryata. Yaron firamare zai gane tambayar cikin minti biyar, manyan duniya sun kasa amsa ta sama da shekara hamsin, wannan shi ne abin da ke jan mutane zuwa fannin nan kuma shi ne ke yaudararsu.

Yanzu ga inda ka tsaya. Bishiyoyi masu ɗigo 15 guda 7741 ne, ka gwada su duka, madalla, aiki ne. Masu ɗigo 20 sun kai 823,065. An riga an gwada da kwamfuta har zuwa ɗigo 35 tun wajen 2010, kaga ko ta fuskar gwaji ma an wuce ka da nisa. Amma ko da ka kai ɗigo 100 ba ka ce komai a kan mai 101 ba. Kamar mai sayen masara ne a kasuwar Giwa ya soka ƙarfe a bakin buhu ya ga ƙwaya mai kyau, bai ga gindin buhun ba, kuma shi buhu ma yana da gindi, bishiyoyi ba su da iyaka.

Kar ka ɗauka tsoratarwa ce kawai, ya faru. A 1884 Peter Guthrie Tait ya yi hasashen cewa wani nau'in giraf shimfiɗaɗɗe, wanda kowane ɗigonsa layi uku ne ke taɓa shi kuma yake haɗe da ƙarfi, dole a samu zoben da zai bi ta kowane ɗigo sau ɗaya ya dawo gida. Da hasashen ya tabbata da an samu maganar kala huɗu a sauƙaƙe. Duk wanda ya zana ya gwada sai ya ga ya yi. Sai 1946 William Tutte ya fito da giraf mai ɗigo 46 da ya ƙi, daga baya a 1988 Holton da McKay suka nuna mafi ƙanƙantar wanda ke ƙi ɗigo 38 gare shi. Ka duba da kyau, da a ce kai ne a lokacin da furogiram ɗinka ka gwada har ɗigo 36, da duk sun yi, da ka rubuta kundi ka ce Tait ya yi daidai, alhali ƙarya tana nan zaune taku biyu a gabanka. Na kusa-kusan nan ma akwai hasashen Hedetniemi na 1966 a kan fentin giraf biyu da aka ninka, mutane da dama sun yarda da shi shekara 53, sai a 2019 Yaroslav Shitov ɗan Rasha ya rushe shi a takarda 'yar shafi kaɗan, kuma giraf ɗin da ya kawo girmansa ya wuce duk abin da kwamfuta za ta iya lalubowa ta hanyar gwaji.

Batun kala huɗu da ka kawo, eh da kwamfuta aka yi, amma ba yadda kake zato ba. Kenneth Appel da Wolfgang Haken na jami'ar Illinois ba taswirori suka yi ta zubawa a na'ura suna gani ko za ta yi ba. Sai da suka fara kafa hujja cewa in har akwai taswirar da za ta ƙi kala huɗu, to mafi ƙanƙantarta dole ta ƙunshi ɗaya daga cikin wasu siffofi ƙididdigaggu, kusan 2000, sannan suka ba kwamfuta aikin nuna cewa kowace siffa a cikinsu ba za ta iya zama a cikin irin wannan taswira ba, aikin da ya ci sama da awa 1000. Wato hankalin mutum ne ya mayar da abu mara iyaka ya zama mai iyaka, na'ura ta ƙarasa. Kai wannan matakin na farko ne babu a aikinka. Duk da haka ma mutane ba su natsu ba sai da Robertson, Sanders, Seymour da Thomas suka sake hujjar da siffofi 633 a 1997, sannan Georges Gonthier ya bi ta layi-layi da manhajar tantance hujja a 2005. Dalilin wannan taka-tsantsan kuwa, tun 1879 Alfred Kempe ya buga hujjar da kowa ya karɓa, ta zauna shekara 11 kafin Percy Heawood ya gano ɓarakar da ke ciki a 1890.

Toh me za ka yi da shekarar da ta rage maka? Ka saki babban hasashen, ba aikin mastas ba ne, ko Montgomery da Pokrovskiy da Sudakov da suka tabbatar da ainihin tambayar Ringel ga manyan bishiyoyi a 2020 ba su kai ga wannan na lambobin ba. Ka zaɓi dangi ɗaya na bishiyoyi mai tsari, ka sa furogiram ɗinka ya fito maka da lambobin ƙananansu, ka baza su a tebur ka zauna da biro kana kallo har ka ga salon da ke maimaituwa, misali yadda a jerin nan na sama ake ɗaukar ƙarama a ɗauki babba a dawo ƙarama. In ka gano salon ka rubuta shi a matsayin ƙa'ida, sannan ka nuna dalilin da ya sa zai yi aiki ga kowane girma, galibi ta hanyar cewa in ya yi a wannan mataki to dole ya yi a na gaba. Nan ne kwamfutarka take da daraja, ita ke nuna maka inda za ka haƙa. Rosa ya gama da dangin da in ka cire ganyayensu, wato ɗigogin da layi ɗaya tak ke taɓa su, sai jere ɗaya ya rage, amma dangin da ke gaba da su, waɗanda sai an cire ganye sau biyu, har yau ba a gama da su ba, mutane na ta gutsurar ɓangarori. Kafin ka zaɓa ka sauke bitar da Joseph Gallian yake sabuntawa a Electronic Journal of Combinatorics, kyauta ce, ta tattaro takardu sama da 3000 a kan sa wa giraf lamba, ka tabbatar ba a riga ka ba. Wallahi ba abin da ke ɓata min rai a wurin difens irin in ga yaro ya sha wahalar shekara biyu a kan abin da wani ya buga tun kafin a haife shi, don kawai ba wanda ya ce masa ya duba.

TAMBAYA, daga wani malamin zaure a Unguwar Kona cikin birni: Malam na ji wani ɗalibina ɗan boko yana cewa hatimin da muke zanawa mai gida tara yana da alaƙa da lissafin jami'a. Gaskiya ne ko daɗin baki yake min?

AMSA: Allah gafarta Malam, gaskiya ya faɗa, kuma na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai. Abin da ya shafi yadda ake aiki da hatimi wannan fagenku ne ba zan sa baki ba, ni lissafin cikinsa zan taɓa. Ɗauki mai gida tara, sahun sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Ko ta kwance ka tara ko ta tsaye 15 za ka samu. Yanzu kowane sahu na kwance ka mai da shi ɗigo, uku kenan, kowane sahu na tsaye shi ma ɗigo, wasu ukun. Kowane gida a hatimin mahaɗar sahun kwance ɗaya ne da na tsaye ɗaya, don haka gidan ya zama layin da ya haɗa ɗigogin nan biyu, lambar cikinsa ta zama lambar layin. Ka samu giraf mai ɗigo 6 da layi 9, kuma a kowane ɗigo in ka tara lambobin layukan da suka taɓa shi 15 ne. Wannan tambaya, wane giraf ne za a iya raba wa layukansa lambobi jimilla ta zo ɗaya a kowane ɗigo, wani masani Jiří Sedláček ne ya shigo da ita fagen a 1963, kuma reshe ne da ake rubuta kundin digiri na uku a kansa yau. Akwai ma kishiyarta, a ce jimillar kowane ɗigo ta bambanta da ta sauran, Hartsfield da Ringel sun yi hasashe a 1990 cewa duk giraf haɗaɗɗe zai karɓi haka in ban da mai layi ɗaya tak, har yau ko ga bishiyoyi ba a gama tabbatarwa ba.

Kuma Malam wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan hanyoyin gina irin waɗannan murabba'ai masu adadin sahu mara, 3 da 5 da 7 zuwa sama, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ka ga littafin ya riga takardar Euler ta gadoji da shekara 4 kenan. Abin da ya sa nake girmama aikinsa shi ne hanya ya bayar wadda za ka bi ka gina na kowane girma, irin abin da nake faɗa wa ɗalibin da ke sama ya nema. Jimillar ma tana da ƙa'ida, ka ninka adadin sahu da kansa, ka ƙara 1, ka ninka da adadin sahun, ka raba biyu, na sahu 3 ya ba ka 15, na sahu 5 ya ba ka 65. Burina ne in ga ɗalibi mai Larabci mai lissafi ya zauna da ire-iren rubuce-rubucen nan da ke ajiye a zaurukanku ya fassara hanyoyinsu zuwa harshen giraf, taken bincike ne mai kyau da ba sai an je wata ƙasa nemansa ba, kuma sai da haɗin kanku zai yiwu.

TAMBAYA, daga wata malamar sakandare a Sabon Gari: Malam ina koyar da 'yan aji biyar, ina son wani abu daga wannan fanni da zan nuna musu a darasi ɗaya ba tare da alli ya ƙare ba, wanda zai sa su ga lissafi ba haddar fomula ba ne kawai.

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari. Ki fito da yara 6 gaban allo ki ce a ɗauka baƙi ne a gidan biki, wasu sun san juna wasu ba su sani ba. Ki ce musu ko yaya aka tsara sanayyar, dole a samu mutum uku da duk sun san juna ko uku da ba wanda ya san wani a cikinsu. Ki bar su su yi ta ƙoƙarin kauce wa hakan da alli kala biyu, fari na sanayya ja na rashinta, za su gaji. Sannan ki ba su dalili. Ki ware yarinya ɗaya, saura biyar, toh a cikin biyar ɗin nan dole ko ta san aƙalla uku ko ta rasa sanin aƙalla uku. Mu ce ta san uku. In biyu daga cikin ukun nan sun san juna, su biyun da ita sun cika uku masu sanayya. In kuwa ba waɗanda suka san juna a cikinsu, ai su ukun kansu sun zama uku marasa sanayya. Ɗaya ɓangaren ma haka yake in aka juya. Da mutum biyar kuma za a iya kaucewa, ki zaunar da su a da'ira kowa ya san na damansa da na hagunsa kawai.

Daga nan ki faɗa musu inda abin ya kai. Wannan lissafin Frank Ramsey ne, ɗan Ingila da ya rasu a 1930 yana da shekara 26. In ana son mutum huɗu maimakon uku, baƙi 18 ake buƙata, an san wannan tun 1955. In ana son biyar fa? Ba wanda ya sani a duniya. An dai tabbatar amsar ba ta gaza 43 ba kuma ba ta wuce 46 ba. In wani yaro ya ce a ba kwamfuta mana, ki sa shi ya ƙirga, mutum 43 layi 903 ne tsakaninsu, kowane layi kala biyu, wato 2 a ninka da kanta sau 903, duk kwamfutocin duniya in sun haɗu ba za su gama bi ɗaya bayan ɗaya ba. Ina tabbatar miki za a samu yaro ko yarinya ɗaya a ajin da zai je gida abin na cinsa.

TAMBAYA, daga wata ɗalibar digiri na uku a Hanwa: Malam ana buƙatar in buga takarda kafin in kare kundina. Wata mujalla ta turo min imel cewa za su buga cikin sati ɗaya in na biya kuɗi da dala. In tura?

AMSA: Ƙanwata kar ki tura. Hujjar lissafi ba a duba ta a sati ɗaya, mujallar kirki tana ba masana biyu ko fiye su bi aikin layi-layi, wata shida ko shekara ba abin mamaki ba ne, kuma sau da yawa za su dawo miki da gyara mai zafi wanda shi ne zai gyara kundin naki ma. Wadda ta yi miki alkawarin sati ɗaya ba wanda zai karanta, kuɗinki kawai take so, kuma ranar da kika nemi aiki ko tallafi a waje sunanta a takardunki zai rage miki daraja maimakon ya ƙara. Na san matsin da kuke ciki, lokaci na tafiya, kuɗin makaranta na ƙaruwa, ga gida ga yara, ban raina wannan ba ko kaɗan. Amma irin waɗannan mujallu su suka cika fanninmu da takardun da ba komai a ciki sai a ɗauko wani ma'auni a lissafa shi a kan giraf mai siffar tsani, gobe a ƙara wa tsanin ƙafa ɗaya a sake bugawa, ba tambayar da aka amsa ba wanda zai taɓa dogara da su.

Ki fara da sa aikin a arXiv, rumbun intanet ne da masu lissafi ke ajiye takardunsu kyauta tun kafin a buga, yana kare miki cewa ke kika fara, sai dai a karon farko za a iya neman wani da ya saba sawa ya tsaya miki, sufabaizanki ko wani a sashenku zai iya. Ki rubuta da LaTeX, manhajar da masu lissafi ke tsara rubutunsu da ita. Sannan ki duba takardun da kika fi dogara da su a babi na biyu, a wace mujalla aka buga su, can ne gidan takardarki. Ita Electronic Journal of Combinatorics da na ambata ba a biya don karantawa ba a biya don bugawa, sai dai tacewarta da tsauri, akwai kuma wasu masu sauƙi a ƙasa da ita da su ma na gaskiya ne, ki tabbatar dai MathSciNet ko zbMATH, rumbunan da ke tattara bayanan takardun lissafi, suna lissafa mujallar. Ki kai aikin taron shekara na ƙungiyar masana lissafi ta Najeriya ki gabatar, ki sa ido kan bitocin da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda a Abuja take shiryawa, haka cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya tana da shirye-shirye na musamman don masu bincike daga ƙasashe irin namu. Tunda bugu na ɗaukar watanni, ki zauna da sufabaizanki a wannan satin ku ware sakamako ɗaya da ya riga ya nuna a cikin kundin ku tura shi yanzu, sauran babukan ki ci gaba da rubuta su kafin amsa ta dawo.